Gasar Wasannin Ɗaliban Jami'o'in Duniya: Ƙofar Da 'Ya'yanmu Ba Su Ƙwanƙwasa Ba Tukuna

A shekarar 1967, a birnin Tokyo na ƙasar Japan, wani matashi ɗan Kodibuwa mai suna Gaoussou Koné ya lashe tseren mita 100 a gasar wasannin ɗaliban jami'o'i ta duniya. Wanda ya zo na biyu a bayansa shi ne Tommie Smith ɗan Amurka, wanda shekara guda bayan haka ya ci lambar zinariya ta mita 200 a gasar Olamfik ta Meziko, duniya duka ta san sunansa. Idan aka tsaya yau a bakin tashar motocin Adjamé, ko a ƙofar masallacin Avenue 8 a Treichville, aka tambayi samarinmu wane ne Gaoussou Koné, da wuya a sami mai amsawa. Amma a tambaye su sunayen 'yan ƙwallon da suka doke Najeriya da ci 2 da 1 a filin Ebimpé ranar 11 ga Fabrairun 2024, sai su jero su ba tare da tuntuɓen harshe ba.

Ba laifin yaran ba ne, abin da suka taso suka tarar ke nan. A gidajenmu idan an ce wasa, ƙwallon ƙafa ake nufi, idan kuma an ce ɗan wasa, to, yaron da ya jefar da allo da littafi ake nufi. Don haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu gabatar wa iyaye da 'yan'uwa wata gasa wadda ba a shiga cikinta sai da shaidar karatu, mu duba tarihinta, da rabon da ƙasashenmu suka samu a ciki, da kuma abin da ya hana 'ya'yan Hausawan Abidjan kaiwa gare ta.

Asalin Gasar

Tunanin haɗa ɗaliban ƙasashe daban-daban a fili guda ya samo asali ne daga wani Bafaranshe mai suna Jean Petitjean, wanda ya shirya wasannin farko a birnin Paris a 1923, 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1949 aka kafa hukumar wasannin jami'o'i ta duniya, wadda aka fi sani da FISU, hedkwatarta a yau tana birnin Lausanne na ƙasar Siwizalan. A shekarun farko ɗaliban Gabas da na Yamma kowa wasanninsa yake yi dabam, saboda gabar da ke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. A 1959, a birnin Turin na Italiya, aka haɗa su wuri guda, aka raɗa wa gasar suna Universiade, wato an haɗa kalmar jami'a da ta Olamfik. Da wannan suna aka san ta har 2020, lokacin da hukumar ta koma kiranta Wasannin Jami'o'in Duniya na FISU.

Ana yin ta duk bayan shekara biyu, akwai ta bazara, akwai ta hunturu wadda ake yi a kan ƙanƙara. Ta bazara ita ce babba. A Kazan ta ƙasar Rasha, a 2013, mahalarta sun haura 10,000 daga ƙasashe fiye da 150, abin da ya sa ake lissafa ta cikin manyan tarukan wasanni na duniya bayan Olamfik. Wadda aka shirya yi a Chengdu ta ƙasar Sin a 2021 sai da annobar korona ta tura ta zuwa 2023. A watan Yulin 2025 aka yi ta a yankin Rhine-Ruhr na Jamus, sannan an ba yankin Chungcheong na Koriya ta Kudu ta 2027, jihar North Carolina ta Amurka kuma ta 2029. Biranen Musulmi ma sun karɓi baƙuncinta: Izmir ta Turkiyya a 2005, Erzurum a hunturun 2011, da Almaty ta Kazakistan a hunturun 2017. Nahiyar Afirka kuwa ba ta taɓa samun wannan rabo ba.

Sharuɗɗan shiga a bayyane suke. Dole mutum ya kasance ɗalibi mai rajista a jami'a ko wata babbar makaranta da gwamnati ta amince da ita, ko kuma wanda ya karɓi shaidar kammalawa a shekarar da ta gabaci gasar. Dole shekarunsa su kasance tsakanin 18 da 25. Dole kuma ya kasance ɗan ƙasar da zai ɗauki tutarta. Duk gwanintar mutum, in ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sai dai ya yi kallo.

Akwai wani abu da zai ba samarinmu mamaki: ƙwallon ƙafa ba ya cikin jerin wasannin dole na gasar a yanzu. Rabon da a buga shi a cikinta tun a Napoli a 2019, an ware masa kofinsa dabam. Wasanni 15 ne na dole, daga cikinsu akwai guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, harbin baka, wasan takobi, judo, tekwando, ƙwallon kwando, ƙwallon raga da tenis. Wato yawancin abin da ake fafatawa a kai, yaranmu ba su taɓa gwada shi ba ko da wasa.

Rabon Ƙasashenmu

Nasarar Gaoussou Koné ba tsintuwa ba ce. Ya kai zagayen ƙarshe na mita 100 a Olamfik ta Tokyo a 1964, ya kuma ci zinariya a wasannin Afirka na farko a Brazzaville a 1965. Bayan kusan shekara 50 aka sami wanda ya bi sawunsa, wato Hua Wilfried Koffi, wanda ya yi karatu a birnin Shanghai: ya ci tagulla a mita 100 a Kazan a 2013, sannan ya ci zinariya a mita 200 a Gwangju a 2015. Lambar Olamfik ta farko da Kodibuwa ta samu, azurfar mita 400 a Los Angeles a 1984, ɗalibi ne ya kawo ta, marigayi Gabriel Tiacoh na Jami'ar Jihar Washington. Murielle Ahouré, wadda ta ci azurfa biyu a gasar duniya ta Mosko a 2013, daga Jami'ar Miami ta fito.

Najeriya ma tana da ranar da ba a mantawa. A Edmonton ta ƙasar Kanada, a 1983, ɗalibanta sun kwashe zinariya biyar: Chidi Imoh a mita 100, Innocent Egbunike a mita 200, Sunday Uti a mita 400, Yusuf Alli a dogon tsalle, da Ajayi Agbebaku a tsallen taku uku. Hakeem Olajuwon, wanda ya bar Legas ya tafi Jami'ar Houston, ta ƙofar karatu ya shiga ƙwallon kwandon Amurka har ya ɗauki kofi a 1994 da 1995.

A nan gida ma akwai matakala. Jami'o'in Afirka ta Yamma sun fara wasanninsu a Ibadan a 1965. Jami'o'in nahiyar baki ɗaya suna da nasu, wanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ta karɓi baƙuncinsa a 2004, Legas kuma a 2024. A Kodibuwa, hukumar OISSU, wadda aka kafa a 1964, ita ke shirya gasannin makarantu tun daga firamare har jami'a. Yaron da ya yi fice a tseren makarantarsa a Williamsville ko a Biafra, ta wannan tsani zai hau har a ji sunansa a sama.

Filayen Da Ke Ƙofar Gidanmu

Mazauna Treichville ba su da uzurin cewa abin ya yi musu nisa. Palais des Sports da Parc des Sports a unguwarsu suke, da ƙafa ake zuwa. A wannan zaure aka buga gasar ƙwallon kwando ta Afirka a 2013, a nan kuma aka yi wasan ƙarshe na babbar gasar tekwando ta duniya a Disamban 2017, shekara guda bayan Cheick Sallah Cissé ya kawo wa ƙasar zinariyarta ta farko a Olamfik ta Rio, inda Ruth Gbagbi ta ci tagulla, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar kuma ya ci azurfa. Daga 21 zuwa 30 ga Yulin 2017 Abidjan ta karɓi wasannin ƙasashen da ke amfani da harshen Faransanci, irin waɗanda Yamai ta karɓa a 2005, aka sauki dubban matasa a makarantar INJS ta Marcory. Waɗannan ba wasannin ɗalibai zalla ba ne, amma sun bar mana filaye da aka gyara, kuma har kokowar gargajiya, wadda Bahaushe ya gada kaka da kakanni, an yi ta a cikinsu.

Mutanen Adjamé kuma Jami'ar Nangui Abrogoua tana bakin hanyarsu ta zuwa Abobo, Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Cocody kuwa woro-woro guda ne. Sai dai duk wanda ya san unguwanninmu ya san cewa 'ya'yan Hausawa sun fi yawa a wajen katangar waɗannan wurare fiye da cikinsu. Mu ne masu garba a bakin ƙofa, mu ne masu tsire da shayi, mu ne masu sayar da takalman da 'yan wasan ke sawa. Sana'a ba abin kunya ba ce, da ita iyayenmu suka gina gidaje a Tahoua da Maraɗi da Katsina, da ita suka sauke farali. Amma sun yi wahalar ne domin na bayansu su wuce inda suka tsaya.

Abin Da Ke Tare Hanya

Cikas na farko shi ne yanke karatu. Dokar ƙasa ta 2015 ta wajabta makaranta ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, amma sau nawa muka ga an cire yaro daga lakwal da zarar ya iya lissafin canji, an zaunar da shi a rumfa a kasuwar Forum? Yarinya kuma da ta fara tasawa sai a ce karatun ya isa. Wanda bai ci jarrabawar BAC ba, ba shi da hanyar jami'a, wanda kuma ba shi da jami'a ba shi da wannan gasa. Abin farin ciki shi ne gwamnati ta shigar da makarantun Islamiyya da dama cikin tsarin ilimi na ƙasa, ɗalibansu suna zana CEPE da BEPC da BAC kamar kowa. Uba mai tsoron kada boko ya raba ɗansa da Alƙur'ani yanzu yana da zaɓi, sai dai ya bincika ko makarantar da zai kai yaron tana cikin waɗanda aka amince da su.

Na biyu shi ne takardu. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu an haife su a nan amma ba a yi musu takardar haihuwa kan lokaci ba, sai jarrabawa ta ƙarato a shiga neman hukuncin kotu a gurguje. Haihuwa a Abidjan kaɗai ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa, dokar Kodibuwa ta iyaye take bi. Don haka wajibi ne kowane gida ya san matsayin 'ya'yansa: wanda ke da haƙƙin takardar Kodibuwa a nema masa, wanda na Nijar ne ko Najeriya ko Gana a yi masa rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa. Ɗalibin da ke karatu a Cocody da fasfon Nijar yana iya ɗaukar tutar Nijar in hukumar wasanninta ta zaɓe shi, kamar yadda Koffi ya ɗauki ta Kodibuwa yana zaune a Sin. Wanda ba shi da takardar ko'ina ne ke asara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kuma mafi ciwo, shi ne dillalan ƙarya. Kowa a cikinmu ya ji labarin gidan da aka sayar da fili ko aka kwashe jarin shago aka damƙa wa wani mai cewa zai kai yaro gwaji a Turai. Wani a yashe shi a Tunisiya ko Maroko, wani a Turkiyya, kunya ta hana shi komowa. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan wasu yanayi ƙalilan, saboda haka duk wanda ya zo wa uba da wannan alkawari a kan ɗan shekara 15, a yi hattara da shi. Irin waɗannan mutane ne kuma ke ba da shawarar a rage wa yaro shekaru a takarda. Wannan ƙarya ce, kuma asirinta yana tonuwa, domin tun 2009 ake duba ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Yaron da aka ɓata wa takarda, an ɓata masa har da takardun makarantarsa.

Ba muna cewa a bar ƙwallo ba ne. Makarantar ƙwallon ASEC Mimosas ta Sol Béni, wadda ta fitar da Kolo da Yaya Touré, tana haɗa wa yaranta darasin aji da na fili. Amma a kan kowane Yaya guda, akwai ɗaruruwan da gwiwa ta ci amanarsu ko sa'a ta ƙi su. Iyaye kan ce taura biyu ba ta taunuwa, ko karatu ko wasa. Gasar ɗalibai ta nuna cewa waɗannan biyun suna tafiya tare in an tsara lokaci, kuma ranar da ƙafa ta gaza, takardar digiri ba ta tsufa.

Ina Matsayin Addini?

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari saboda tsoron Allah, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Sai dai malamai sun tabbatar mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Uwar Muminai Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, shi kuma ya wuce ta daga baya. Ya kayar da Rukana, shahararren ɗan kokowar Makka. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya kuma kwaɗaitar da koyon harbi. Sahabi Salama ɗan Akwa'u da gudu ya yi suna. Abin da shari'a ta gindaya shi ne kada wasa ya ci lokacin salla, kada a bayyana al'aura, kada caca ta shigo ciki. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya: cacar ƙwallo da ake yi ta wayar hannu ta fi filin wasa cinye samarinmu, haka ma ƙwayoyin da wasu ke haɗiya da sunan ƙarin ƙarfi, waɗanda addini ya hana, hukumomin wasanni ma suke korar mai shan su. Game da wasannin da ake bugun fuska, malamai sun yi saɓani, sai kowa ya nemi fatawar malamin da ya amince da shi.

Batun azumi ma ya taso ba sau ɗaya ba, domin gasar Kazan ta 2013 da ta Gwangju ta 2015 duka sun ci karo da Ramadan. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama bayan ya komo gida. Akwai kuma waɗanda suka zaɓi riƙewa: Hakeem Olajuwon yana cikin azumi aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995 a gasar ƙwallon kwandon Amurka.

Ga 'yan mata kuwa, al'amura sun sauya ƙwarai. FIFA ta halatta rufe kai a 2014, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi sahu a 2017. Ibtihaj Muhammad, wadda ta yi karatu a Jami'ar Duke ta Amurka, da hijabinta ta ci tagulla a wasan takobi a Rio a 2016, haka ma Hedaya Malak ta Masar a tekwando. Harbin baka da wasan takobi da tekwando ana yin su da cikakkiyar sutura. Kowane uba shi ya san abin da zai yarje wa 'yarsa, amma ya yanke hukunci bisa sani. Ko ba don gasa ba, a tuna cewa akwai gwajin motsa jiki a jarrabawar BEPC da BAC, kuma hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a tsakanin iyayenmu mata da maza saboda yawan zama.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Yaron da aka haifa a 2008 zai cika shekara 21 lokacin gasar North Carolina a 2029. Yana nan a cikinmu, wataƙila shi ne ke tsere wa sa'o'insa duk yamma a lungunan 220 Logements, ko ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu a wata Islamiyya ta Treichville. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ga 'yan shawarwari.

Iyaye su duba takardun haihuwar 'ya'yansu tun yanzu, da shekarunsu na gaskiya. Su je makaranta da ƙafarsu su gana da malamin motsa jiki, su tambaye shi ko makarantar tana shiga gasannin OISSU, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Duk wanda ya nemi kuɗi don kai yaro waje, a fara tuntuɓar hukumar wasan da abin ya shafa kafin a fitar da ko dala. Masu makarantun Islamiyya su ware wa ɗalibai sa'o'in motsa jiki, maza dabam mata dabam, ko da aron fili za a yi. Sarakunan Hausawa da attajiranmu, waɗanda ba su taɓa gazawa wajen gina masallaci ko ɗaukar nauyin tafsiri ba, su dubi yiwuwar ɗaukar nauyin 'yan ɗalibai kaɗan da suka haɗa ƙwazon aji da na fili, daga lise har jami'a. Kuɗin rajista da na mota da takalmin gudu ba su kai rabin abin da ake kashewa a biki guda ba. Ɗalibanmu da suka riga suka shiga jami'a, musamman masu aiki cikin ƙungiyar AEEMCI, su riƙa komowa unguwa suna nuna wa ƙannensu hanya.

Ku kuma samari, ku sani Gaoussou Koné da Koffi da Tiacoh ba daga sama suka faɗo ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku riƙe salla, ku riƙe littafi, sannan ku je fili. In Allah Ya nufa kun ɗauki tutar ƙasa, madalla. In bai nufa ba, kun tsira da ilimi da lafiya, waɗanda babu dillalin da zai gudu da su.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani da ƙoshin lafiya, Ya tsare su daga sharrin mayaudara, Ya zaunar da wannan ƙasa da ƙasashenmu na asali lafiya. Amin.